Man da Ya Daskare a Nguroje

Tun da muka dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a shago a tambaye ni, a majalisarmu ta unguwar Ɗan Iya kuwa ba a magana, duk wanda ya zo sai ya ce a sake masa daga farko. Wasu labarin ƙasar suke son ji. Wasu kuwa na san su sarai, so suke su ji yadda tsohuwar motata ta kunyata ni su samu abin dariya. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, yayarta ɗaya ce ta rage mata a duniya, Adda Mairo. Tun suna 'yan mata aka raba garken gidansu biyu, wani kawunsu ya kora rabi ya haura tsaunin Mambila har ya tsallaka Kamaru, Adda ta bi shi saboda ita ce mai tatsa. Dada ta zauna a wajen Miri, daga baya aure ya shigo da ita cikin garin Bauchi. Daga ranar ba su sake haɗa ido ba, sai saƙon baki, sai kuma wayar hannu da ta zo daga baya, ita ma sai ɗan Adda, Bello, ya hau tudu kafin a ji muryarsa. A farkon bazarar nan Bello ya kira ya ce jikin tsohuwa ya yi nauyi, idonta ya tafi, kuma ba ta da wata magana sai ta ƙanwarta.

Dada ba ta ce in kai ta ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, balle ta roƙe ni wani abu. Sai dai na shiga gaisuwar safe na tarar ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa, ga kwalbar man shanu a kai, tsarabar da za ta kai wa yayarta. Ta dubi bango ta ce, “Ko akwai mai mota a gidan nan?”

Na ce, “Akwai, Dada.”

Motar tawa wagon ce, ta girmi babbar 'yata, kuma tana shan baƙin mai kamar yadda nake shan shayi. Ban taɓa kai ta nesa da Jos ba. Don haka na wuce da ita wajen Oga Bitrus, makanikena da ke da gareji a kusa da barikin Shadawanka, na ce ya yi mata juye ya duba ta ciki da waje. Bitrus mutum ne mai amana, shekara da shekaru yana riƙe da motar nan, shi ya sa har yanzu take numfashi. Ya zagaya ta, ya saurari inji, ya girgiza kai.

Ya ce, “Oga, motan nan ya tsufa. Tsohon inji, mai mai kauri ne yana so. In ka sa mai ruwa-ruwa, zafin Numan zai mai da shi kamar ruwan famfo, kafin ka kai Jalingo inji ya buga.”

Sai ya zuba mata mafi kaurin da yake da shi, mai lamba hamsin, ya kuma ƙara ɗan gwangwanin nan mai kama da zuma da makanikanmu ke zuba wa tsofaffin motoci don mai ya ƙara danƙo. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Mambila. Ya ce shi bai taɓa wuce Gombe ba, amma ai dutse dutse ne, in mota tana hawa zafi za ta yi. Na ga maganarsa da hankali. Mu a Bauchi duk tsoronmu a kan mota zafi ne: lagireto ya tafasa, taya ta fashe, mai ya tsinke. Daga ni har shi babu wanda sanyi ya faɗo wa a rai.

Muka kama hanya bayan sallar asuba, Dada a kujerar baya da kwalbarta a cinya. Alkaleri, Gombe, Kaltungo, duk lafiya lau. Abin da na gano tun a nan shi ne, babu takardar mota da ta kai tsohuwa a baya. Duk shingen da muka tsaya, jami'i zai leƙo da fuska a murtuke, yana ganin Dada sai ya saki rai ya ce, “Mama, a yi mana addu'a.” Ita kuwa ta ɗaga hannu ta sa masa albarka, a ɗage mana sanda. Ni da na kwana biyu ina haɗa takardu sai na koma ɗan rakiya.

A Numan muka gane bazara ta shigo da gaske. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take, man shanun Dada ya narke a kwalba ya koma kamar man gyaɗa. Na tsaya kusa da gada na sayi soyayyen kifi, irin manyan nan na Binuwai, na miƙa mata. Ta kawar da kai ta ce ita 'yar shanu ce, ba a taɓa cin wannan abu a gidansu ba, kuma in na ci in wanke hannu kafin in taɓa sitiyari. Na cinye nawa da nata ina tsaye a rana kamar wanda aka kora daga gida. Motar kuwa ko gezau, inji na tafiya sumul, na ce a raina Allah Ya yi wa Bitrus albarka.

Muka kwana a Jalingo a wani masauki mai fanka da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Dada ta ƙi hawa gadon, ta ce ba ta san wanda ya kwana a kai ba, ta shimfiɗa zanenta a ƙasa. Washegari taya ta yi faci kafin Bali, mai facin kuma ya tafi ɗaurin aure, sai da muka zauna a gindin mangwaro muna jiransa. Na yi ta faɗa ni kaɗai, don kowa ya san ni ba ni da haƙurin jira. Na kira Bello, ya ce tsohuwa ta sha kunu kaɗan, kuma an gaya mata muna hanya, tun daga lokacin duk ƙarar babur da ta ji sai ta tambaya ko mu ne.

Serti ne garin zafi na ƙarshe. Daga can hanya ta fara naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, rami a hannun hagu wanda ba a ganin ƙarshensa. Na yi salati iya wanda na sani. Kunnuwana suka toshe, motar na ja da giya ɗaya da biyu tana gurnani, amma ba ta yi zafi ba. Muna kaiwa sama sai duniya ta sauya: tuddai masu ciyawa, jajayen shanu manya a ko'ina, iska mai sanyi kamar an buɗe firji. Dada, wadda tun Bauchi ba ta ce a tsaya ko sau ɗaya ba, ta taɓa kafaɗata ta ce in dakata. Ta fita ta tsaya tana kallon shanun. Wata mata mai ɗauke da ƙwaryar nono ta zo wucewa, suka gaisa da Fillanci, sai na ji harshen Dada ya sake yana gudu, irin yadda ban taɓa ji ba a gidanmu na Ɗan Iya.

La'asar sakaliya muka shiga Nguroje. Aka nuna mana gidan Malam Hamadu, wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa tsofaffin jif-jif ɗin nan na ƙarfe da ke kai kaya bakin iyaka, yanzu ya ajiye tuƙi yana saukar da matafiya. Ɗakin da ya ba ni babu fanka, babu ma inda za a rataye ta, sai barguna a jibge da kaskon wuta a tsakiya. Mu a gida in baƙo ya zo ruwan sanyi ake fara ba shi. Su nan ruwan zafi ake kawo maka a buta, har na alwala. Maza suna saka kwat a kan jamfa, hular ulu a ƙarƙashin hular ɗinki, ba wanda ya ga abin dariya. Ni kuwa da 'yar rigar yadi na zo, sai haƙorana ke kaɗawa. Malam Hamadu ya ara mini wata tsohuwar kwat mai warin hayaƙi, wallahi ban taɓa son tufa kamar ita ba.

Matarsa ta ja Dada ɗakinta. Aka kawo mana tuwon masara da miyar ganye, da shayi mai madarar shanu da aka tatso da yamma, ga piya, ɗan itacen nan mai laushi kamar man shanu, cike da faranti. A Bauchi piya sai wane da wane, nan kuwa akuya ma tana ture ta da ƙafa. Na ci har na ji kunya.

Da safe bayan mun idar da salla, hazo ya rufe gari, ba ka ganin katangar maƙwabci. Wayar Bello ta shigo da ƙyar. Ya ce tsohuwa ta ƙi kunun ma, numfashinta ya sauya, in da hali mu yi sauri. Ban gaya wa Dada ba, amma ta ga fuskata. Kafin in ce komai ta shiga mota ta zauna.

Na murza makulli. Inji ya yi wani nishi kamar saniyar da ta faɗa rijiya, ya yi shiru. Na sake, haka. Na sake, batir ya fara sanyi. To mu a Bauchi in mota ta ƙi tashi da safe me muke yi? A tura ta. Gidan kuwa a kan gangara yake. Na saki birkin hannu, ta gangara, na saki kuloci, sai ta kama. Amma ƙarar da ta fito ba ta motata ba ce, wani kwaram-kwaram ne kamar ana kaɗa cokula a cikin garwa, ga jar wutar mai a gabana ta ƙi mutuwa. Na ce sanyi ne, bari in ba ta wuta ta ɗumama, yadda kowane direba yake yi a garinmu. Ƙafata na kan totur ke nan sai na ga Malam Hamadu ya ɓullo daga cikin hazo a guje, ba takalmi, yana ɗaga hannuwa.

“Kashe! Kashe ta, bawan Allah! Kashe!”

Na kashe. Raina a ɓace na fito, ina cewa sauri muke yi, rai ne a gaba. Bai kula ni ba. Ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya ɗaga shi sama. Man bai ɗiga ba. Ya biyo gejin yana ja kamar alewar da ba ta gama ƙamewa ba.

Ya ce, “Wa ya zuba maka wannan?”

Na ce makanikena ne a Bauchi, kuma ya san aikinsa.

Ya ce, “Ya sani mana, don garinsa ya zuba. Amma dubi. Wannan man yana kwance a ƙasan inji, famfo na ja ya kasa hawa. Ƙarar da ka ji ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. Da ka taka totur ɗin nan, Alhaji, da sai dai ku ƙarasa a kan babur, kuma tsohuwa ba za ta iya babur a hanyar can ba.”

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Dada ce. Ta ɗago kwalbar man shanunta ta kifa ta. Man da ya yi ta tangaɗi tun daga Numan ya daskare ƙam, fari sol, ko motsi bai yi ba. Ta ce wa Malam Hamadu, ba ni ba, “Nawa ma ya kwana. Ka gaya wa direban nan, mai ba ya tashi sai an ɗumama shi.” Malam Hamadu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai ban yi ba.

Abin da ya yi daga nan ban taɓa gani ba. Ya durƙusa ya shinshina ƙarƙashin motar, ya shafa tiyo-tiyon fetur da hannu ya tabbatar babu inda ke yoyo. Sannan ya ɗauko kaskon wutar ɗakina, ya bar garwashi zalla wanda ba harshen wuta, ya yayyafa toka a kai, ya tura shi daidai ƙasan inji inda mai ke kwana. Ya ce haka suke yi wa jif-jif ɗinsu a da, tun kafin mai mai laushi ya iso tsaunin, kuma kada in kuskura in gwada ni kaɗai, don ya san wanda ya ƙone motarsa ƙurmus. Muka tsuguna muna jin ɗumi, mu da motar.

Da man ya saki na ce to Alhamdu lillahi, mu tafi. Ya ce a'a, sai an juye shi an zuba wani. Ya ce ƙauyen da za mu ya fi nan sanyi, gobe da safe haka za ta sake yi, can kuwa babu mai sayar da ko cokali ɗaya na baƙin mai, in kuma rashin lafiyar ta kai a ɗauki tsohuwa zuwa asibiti, da me za a ɗauke ta? Matsalar ita ce mai shagon da ke sayar da irin man sai rana ta ɗaga yake buɗewa, don a Nguroje ba mai fitowa kasuwa cikin hazo.

Nan fa na tashi da faɗa. Na ce wannan wane irin gari ne da ba a buɗe shago da safe, a Bauchi war haka an yi ciniki an gaji. Na ce in muka makara fa? Dada ta sauke gilashi. A hankali ta ce, “Ta jira ni tun ba a haifi wasu ba. In Allah Ya rubuta, za ta jira hantsi.” Ta ɗage gilashinta. Amma na ga tasbaharta ba ta tsaya ba.

Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Malam Hamadu ya lura, sai ya shiga ba ni karatu don ya ɗauke mini hankali. Da aka kawo galan ɗin ya nuna mini lambobi biyu a jikinsa, goma da arba'in, da wani harafi a tsakani. Ya ce ta farkon tana gaya maka yadda man zai gudana da sanyin safiya, in ta yi ƙanƙanta zai hau inji da wuri. Ta biyun kuma kaurin da zai riƙe bayan inji ya yi zafi. Ya ce nawa lamba ɗaya tak gare shi, hamsin, wato bai san komai ba sai zafi, ga kuma zumar da aka ƙara masa. Na ce to me ya sa ba kowa ke zuba irin nasu ba a huta? Ya ce in bari in gangara ƙasa da tsohon injin nan, zan ba kaina amsa.

Ya juye man Bitrus a wata jarka mai tsabta, ya ɗaure bakinta da leda, ya sa mini a but. Na ce ya zubar. Ya ce, “Sabo ne, kuma ba laifinsa ba ne. Baƙo ne kawai, kamar kai.” Da ya zuba sabon man na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya, jar wutar ta mutu nan take, inji ya koma muryarsa da na sani. Matarsa ta turo mana nonon ayaba ta taga. Na so in mayar masa da kwat ɗinsa ya ce in riƙe sai mun dawo.

Hanyar bakin iyaka ba hanya ba ce, sawun ruwa ne da babura suka bi suka faɗaɗa. Baburan kuwa abin kallo ne, za ka ga buhuna sun yi tsiri suna tafiya, sai ka matso ka ga akwai mutum a tsakiya. Iyakar kanta gora ce aka gitta, da rumfa a kowane gefe. A namu ɓangaren aka duba takardu aka sallame mu. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya karɓi takardun motar ya yi ta zuba mini Faransanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ban san me nake amincewa da shi ba. Dada ta leƙo ta yi masa magana da Fillanci. Sai ga mutum ya cire hula ya rusuna, suka shiga gaisuwa, daga lafiyar gida har lafiyar shanu. Ashe ya san zuriyarsu, ya ma san Bello. Ya buga mana hatimi ya kwatanta mana hanya da hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a can shi ne Hausata ba ta saye mini ko ruwa ba. Fillanci ne harshen kasuwa, kowace ƙabila da shi take ciniki, kamar yadda Hausa take a wajenmu. Nawa Fillancin kuwa na 'yan birni ne, gutsi-gutsi, ina buɗe baki mata masu sayar da wani dogon burodi kamar sanda suka fara rufe baki da mayafi. Nan na tuna yadda muke tsokanar Bitrus in ya ce “motan nan ya tsufa”, na ce ashe haka abin yake da ciwo.

Bayan azahar muka hango rugar, Bello na tsaye a kan tudun da yake hawa ya kira mu. Tun daga nesa nake karanta fuskarsa. Da na ga ya ɗaga hannu yana murmushi, sai da na tsayar da mota na kifa kaina a kan sitiyari.

Adda Mairo na kwance a gefen wuta, ta ƙanƙance kamar yarinya. Dada ta shiga ta zauna kusa da ita, ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ba ta ce ga ni ba. Adda ta miƙo hannu ta shafa fuskarta, ta gangaro kafaɗa, ta bi damtse har ta kai wani tsohon tabo a gwiwar hannu, inda ɗan maraƙi ya taɓa harbin Dada suna yara. Ta tsaya a nan. Ta ce, “Kin daɗe.” Dada ta ce, “Mota ce ta ji sanyi.” Suka yi dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na fita waje na yi nawa.

Can aka kira ni. Adda ta tambaya wa ya kawo ƙanwarta, Dada ta ce wani direba ne. Adda ta ce, “Direban nan ba Umaru ba ne? Zo nan, Umaru, in ji kanka.” Ta shafa kaina ta yi ta sa albarka. Dada ta buɗe kwalbarta, ta ƙwaƙulo man da yatsa, ta murza shi a tafin hannu har ya narke, ta shiga shafa wa yayarta a ƙafafu. Adda ta ja numfashi ta ce wannan na shanun ƙasa ne, ta san ƙamshin ciyawar. Da yamma ta sha kunu, washegari har da ɗan tuwo.

Mun yi kwanaki a can. Kullum da safe sai in tayar da motar don kawai in ji ta tashi, kuma ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ranar da za mu taho Adda ta sa aka kawo man shanunta na kanta a ƙwarya, daskararre kamar sabulu, aka rufe da faifai. Na ce a juye a kwalba mai murfi. Dada ta ce yadda aka ba ta haka za ta kai shi gida. Ban tsaya kallon sallamarsu ba, na je na zauna a mota.

Muka biya Nguroje na mayar da kwat, muka gangara. Muna wuce Serti zafi ya tare mu, motar ta fara hayaƙi ta salansa, in na rage gudu jar wutar nan ta riƙa ƙyaftawa. Man Malam Hamadu ya tsinke a cikin tsohon inji, daidai yadda Bitrus ya faɗa tun farko. A Bali, gindin mangwaron nan dai, na sa aka juye shi aka mayar da na jarka, wuta ta mutu, hayaƙi ya ragu. Ina murna na buɗe ƙofar baya, sai na ga abin da zafin ya yi wa ƙwaryar Adda. Man ya narke, gargadar hanya ta karkatar da ƙwaryar, ya bi kujera ya shige cikin soso har ƙasa. Na yi faɗa ba kaɗan ba, na ce ai sai da na ce a sa a kwalba. Dada ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbar. Ta karkata ƙwaryar ta tsiyaye ɗan abin da ya rage a kwalbarta.

Da na ba Bitrus labari ya yi ta tsalle a gareji yana cewa, “Na gaya maka! Man na ne ya kawo ka gida!” Na ce haka ne, na wancan kuma shi ya kai ni. Dukansu biyu ina gode musu, da matar Malam Hamadu, da jandarman da ya cire hula, har da mai facin Bali da na zaga a banza. Wanda duk zai hau tsaunin nan da mota, ya tsaya a ƙasa ya tambayi mutanen wurin irin man da suke zubawa, kuma ya tafi da riga mai nauyi.

Ba a yi wata guda ba Bello ya hau tudunsa ya kira. Adda Mairo ta rasu da hantsi, cikin sauƙi, Allah Ya jiƙanta. Dada ta karɓi gaisuwa ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba.

Kujerar nan kuwa har yau tana nan yadda take. In rana ta take motar ta ɗauki zafi, ƙamshin man shanu sai ya cika ta, har abokaina na majalisa suka sa mata suna motar fura. Bitrus ya ce in kawo ya cire soson a wanke, na sa rana. Ana gobe zan kai, na dawo daga shago da azahar, na nemi Dada a ɗakinta ban gan ta ba. Na fito tsakar gida sai na hango ta a cikin motar, a kujerar baya, gilasai a rufe, zufa na bin fuskarta, idonta a lumshe, tafin hannunta a kan tabon man. Na buɗe ƙofar da sauri na ce, “Dada, zafin nan zai yi miki illa.”

Ba ta buɗe ido ba. Ta ce, “Rufe ƙofar, Umaru, kada ƙamshin ya fita.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na zagaya na shiga gaba na zauna, na ja ƙofar a hankali na rufe.